Goron Albishir na Dabo Dillali

Ban taɓa ganin yayana Dabo ya gama cin tuwo a zaune ba. Zai wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma kaɗan, sai ya tuna wani makiyayi da ke jiransa a kara, wato kasuwar shanu, ko wani mahauci da ya yi wa alkawari, ya miƙe yana tauna yana neman takalmi da ƙafa. Matarsa Usaina ta daina yi masa magana a kan haka tun suna amare. Ni ce dai ban daina ba, don ni ƙanwarsa ce, kuma Allah bai yi ni da haƙuri ba.

A gida Hamma muke ce masa, yadda Fulani ke kiran babban wa, amma duk garin Lafia da Dabo Dillali aka san shi. Mahaifinmu ya baro rugarsa a wajen Adogi ne bayan wata annoba ta cinye masa rabin garke, ya bar sauran a hannun ƙaninsa, ya zauna cikin gari. Ni aka sa a boko har na zama malamar sakandare. Shi kuwa an kai shi aji, ya fita ta taga, an mayar da shi, ya sake fita. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, zama ne ba ya iyawa. A shekarar 1996 ya tsaya da ƙafarsa a kasuwar shanu, kuma tun daga ranar bakinsa ne gonarsa.

Wanda bai ga Hamma cikin ciniki ba bai san shi ba. Ga mai saniya a dama ya ɗaure fuska, ga mai saye a hagu yana kushe dabbar, shi kuma yana tsakiya yana kai-komo. Ya juya nan ya yi Fulatanci a hankali, ya tambayi ruga da ruwa da lafiyar tsofaffi. Ya juya can ya yi Tibanci ko yaren Eggon, ya yi wa mutum ba'a har ya dara. In mai sayen daga kudu ya zo, ya zuba masa Turancin kasuwa. Hausa ce igiyar da yake ɗaure su duka da ita. Ba ya ƙarya a kan dabba, wannan na shaide shi, sai dai yana iya yabon bijimi mai tari har kai da ka ji tarin da kunnenka ka fara shakkar kunnen. Har rigimar gona ana kiransa, in shanu sun shiga dawar wani a Ashige ko Arikya, domin yana iya magana da kowa da yaren da zuciyarsa ke sauka.

Sai goro. Ban san Hamma ba tare da goro a kunci ba. Fari yake so, manya, yana naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle a aljihun gaba. Da shi yake buɗe ciniki, da shi yake rufewa, da shi yake karya kumallo.

Wata ranar kasuwa a 2007 ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Na fito na tarar da Iorfa, wani manomin doya Batibe, abokin Hamma tun suna samari, yana tsaye hularsa a hannu.

"Malama Juwairiya, ka zo ka ga ɗan'uwanka," in ji shi. Iorfa da mace da namiji duk "ka" yake ce musu. "Muna ciniki, yana magana, yana magana, sai bakinsa ya tsaya. Ido yana kallo na, baki yana motsi, magana babu. Ni na ce wasa ne. Amma Dabo ba ya wasa da shiru."

Kafin mu isa kara maganar ta dawo. Na same shi yana ƙarasa cinikin, yana cewa rana ce ta buge shi. Na yi masa faɗa a gaban mutane, ya ce, "Malama, koma ki koya wa 'ya'yan mutane, nan ba ajinki ba ne."

Abin ya sake dawowa, ya kuma dawowa. Dangi suka ce jifa ne, wai ɗan'uwan sana'a ne ya ɗaure masa baki. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka abin da aka ce a yanka. Ni na bari aka yi, don in na hana za a ce boko ta lalata ni. Ranar da ya faɗi a tsakar gida yana karkarwa a gaban 'ya'yansa, ranar na daina sauraron kowa. Daga asibitin gari aka tura mu Abuja, a can aka ɗauki hoton kansa. Likita ya nuna mana wani ɗan ƙulli a ɓangaren hagu, sama da kunne, jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe wuri guda, suna ɗan yoyo lokaci zuwa lokaci. Ya ce ana iya cirewa. Matsalar ita ce ƙullin yana unguwar da magana take zaune, kuma a nan ba su da na'urar da za ta nuna ko gefenta yake ko a kanta. Ya ce in da hali mu tafi Masar.

Hali dai babu, amma baffanmu ya kaɗo shanun da suka rage a Adogi. Hamma da kansa ya yi dillancinsu, yana yi yana zagin kansa. Ni aka zaɓa in raka shi saboda Turanci. A farkon 2009 muka sauka Alƙahira.

Birnin nan ya kusa haukata shi. Mutum mai yare biyar ya wayi gari ba mai jin ko ɗaya. Aka sa mu a wani ɗaki a hawa na sama, ya ƙi shiga na'urar hawa, kullum ta matakala yake sauka ya hau, ya sauka ya hau, kamar akuyar da aka ɗaure kusa da gona. Da ɗan Larabcin allo ya fara ciniki da masu tasi. Kafin mako ya ƙare mai gadin gidan ya san sunayen shanunmu. Goronsa kuwa ya zo da shi cikin jaka, Usaina ta shirya masa isasshe a matsayin guzuri, kullum yana yayyafa masa ruwa.

Jajibirin ranar hoto wata nas ta yi mana bayani, ni kuma na fassara. Ta ce daga yamma kada ya sha shayi, kada ya sha kofi, kada ya sha baƙin lemon kwalba. Hamma ya ce shi bai damu da ko ɗaya ba. Ita ba ta san goro ba balle ta ambace shi, mu kuma bai zo mana a rai ba, domin a wurinmu goro ba abinci ba ne, ba abin sha ba ne, goro ne kawai. Da safe tsoro ya kama shi, ko da yake da za a yanka shi ba zai amsa ba. Muna zaune a layi yana karkaɗa ƙafa yana ɓantara, ya gama wannan ya ɗauko wancan. Abin da ya ci a zaman nan ya fi na yininsa guda a kara.

Na'urar wani dogon rami ne fari da ake tura mutum ciki a kwance. Likitar da ke kula da ita mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai sanyin murya. Ta ce da farko za a nuna masa hotunan abubuwa, ya riƙa faɗin sunayensu a zuci. Bayan haka sai ya kwanta kawai, ido a buɗe, kada ya motsa, kada ya yi tunanin komai.

"Tambaye ta," in ji Hamma, "mai rai yana daina tunani ne?"

Ban tambaye ta ba. Na ce masa, "Hamma, sau ɗaya a rayuwarka ka kwanta ka yi shiru. Bakinka ake nema a ceta."

Aka tura shi. Na'urar ta kama ƙara kamar injin casar shinkafa na bakin hanyar Makurdi. Ta gilashi ina hango yatsun ƙafarsa suna rawa, ina addu'a kada kansa ya bi su.

Da sakamako ya fito, likitan tiyata ya kira mu ofishinsa, ita ma likitar hoton tana nan. Ya kunna allo, ga kan Hamma an yanka shi faifai-faifai, da ɗigo-ɗigon ja da rawaya. Ya ce masu launin nan su ne wuraren da ke aiki tare in ana magana. Ya nuna ƙullin, kewayensa fari fat, babu launi. Ya ce ga alama maganar ba ta bi ta nan ba, ta ɗan ja baya, saboda haka yana ganin zai iya cirewa ba tare da ya taɓa ta ba.

Ina gama fassarawa Hamma ya miƙe. Na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban gani ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Ya yi hamdala, ya sa hannu a aljihu, ya warware ƙyallensa, ya zaɓi manya biyu farare, ya miƙa wa likitan ɗaya da hannu biyu, ya miƙa wa likitar ɗaya.

"Gaya musu goron albishir ne," ya ce. "A garinmu ba a kawo wa mutum labari mai daɗi ya bar ka ka tafi hannu sake."

Na yi musu bayanin al'adar. Suka ji daɗi. Likitar ta ɗan gatsa, ɗacin ya sa ta yamutsa fuska, muka yi dariya. Ta tambaye ni me ake ci a cikin wannan abu. Na ce yana kore barci, yana kashe yunwa, direbobin dogon zango da shi suke kwana a hanya. Ina faɗa ina ganin dariyar tana barin fuskarta. Ta juya goron a hannu. Ta ce ya ci wannan da safen da aka yi hoton?

Na tambaye shi. Ya ce, da alfahari ma, "Ai ba don shi ba da ban iya kwanciya a ramin nan ba."

Ta dubi likitan tiyata, suka yi magana da Larabci da sauri. Sannan ta jawo kujera kusa da mu ta ce in fassara a hankali, tana so shi ma ya gane.

Ta ce na'urar nan ba ta ganin magana, ba ta ganin tunani. Jini take gani. In wani wuri a ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini yakan ƙaru a wurin. In wurare biyu suna aiki tare, jininsu yakan hau tare ya sauka tare, ko mutum yana kwance ba ya komai, to daga wannan hawa da saukar ne suke gane cewa wuraren a haɗe suke. Abin da ke cikin kofi, wanda ta tabbata yana cikin goron nan tunda yana kore barci, yana matse jijiyoyin kai, jinin ya ragu, hawa da saukar su dushe. Wuri yana iya kasancewa yana aikinsa, amma a hoto ya fito shiru. Kuma kusa da ƙulli irin nasa dama jinin ba ya tafiya yadda ya kamata, to ga wannan ga wancan. Ta ce ba ta ce hoton ƙarya ne ba. Ta ce ba za ta yarda a sa wuƙa a kansa ba.

Hamma ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato albishir ɗin fa?"

Na ce, "An ɗage shi."

Ta ce kada ya yanke goron kwatsam, don wannan ma yana rikita jinin ta wata fuskar, ya riƙa ragewa har ya daina, sannan a sake. Kwanakin nan ba na fatan maimaita su. Kansa ya yi ta sara, ya yi faɗa da ni, ya yi faɗa da mai gadi, ya yi faɗa da tantabarun taga. Ya ce ni na cika surutu, wa ya aike ni in ce yana kore barci. Na ce wa ya aike shi ya yi rabon goro a asibiti. Muka yini ba mu yi wa juna magana ba, wanda a wurinsa azaba ce, a wurina hutu.

A hoto na biyu launin ya fito sosai, kuma wani zare nasa ya bi ta jikin ƙullin ya manne da shi. Ko ni da ba likita ba na gani. Likitar ta ce ba za ta rantse cewa goro ne kaɗai ya kawo bambancin ba, domin a karon farko ya ɗan motsa kai, kuma wannan aunin sabo ne, su ma koyonsa suke. Amma yanzu ba wanda zai ce masa hanya a buɗe take. Likitan tiyata ya ce in an bar ƙullin zai ci gaba da yoyo, wata rana yana iya yin babba. In an cire, mai yiwuwa faɗuwar ta tsaya, amma maganar tana iya taɓuwa, kaɗan ko da yawa, ba zai iya yin alkawari ba.

"Kai ɗaya, hoto biyu," in ji Hamma. "To wanne ne ni? Ni da goro a baki nake tun ina yaro. Wancan na farko shi ne Dabo. Wannan na biyun wani mara lafiya ne da kuka hana wa goro."

Na fassara, don ni ma ina son jin amsar. Likitar ta ce duka biyun shi ne, amma wuƙa ba jini kaɗai za ta yanka ba, abin da ke ƙarƙashin jinin za ta yanka, shi kuwa yana nan inda yake ko an ci goro ko ba a ci ba.

Ya ce mu tafi gida. Na yi kuka, na yi zagi, na ce shanun mahaifinmu sun tafi a banza ke nan. Ya ce shanu dai shi ya sayar da su, da bakin nan da ake so a yanke. Muka karɓi maganin hana faɗuwa muka dawo.

Watannin da suka biyo baya Hamma ya zama kamar wanda ake bi. Da can yana yawo don aiki, yanzu yana yawo don kada ya zauna ya ji kansa. Asuba yana kara, hantsi yana Ashige, la'asar an gan shi a tasha yana raba faɗan da ba a kira shi ba. Maganin yana sa shi barci, sai ya koma wa goro fiye da da. In kalma ta ɗan maƙale masa, ko irin wadda ke maƙale wa kowa, sai ka ga ya dafa kunnen hagu ya yi tsit, yana jira ya ji ko ciwon ne ya dawo.

Usaina mace ce mai kawaici, 'yar gidan fatake ce da kakanninta suka zo daga Kano, ba ta ɗaga murya. Wata rana da yamma ina gidan ya shigo zai sake fita, ta tsaya a bakin zaure.

"Maigida, ina da magana."

"In na dawo."

"Ba ka dawowa, wucewa kake yi." Ta ce, "Ni ban auri kasuwa ba. In kana ganin ba ka da amfani sai da baki, to mu a gidan nan mun sha maganarka har ta ishe mu. Mutum muke so. Ka zauna a tabarmar can ko nuni kake yi da hannu, na yarda. Amma kada a kawo min kai a bayan a-kori-kura a ce ka mutu kana yabon saniyar wani."

Ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "In na yi shiru me zan zama?"

Ta ce, "Uban yaran nan."

Ya raɓa ta gefenta ya fita. Na ji haushinsa ranar har na yi rantsuwa ba zan ƙara sa baki ba, rantsuwar da ban cika ba.

Babban yoyon da likitan ya faɗa ya zo a farkon damina ta 2010. Yana kan babur tare da Iorfa, za su Arikya sasanta wata ɓarnar gona, sai hannunsa na dama ya saki. Allah ya sa a hankali suke tafiya saboda taɓo. Iorfa ne ya goyo shi zuwa titi. Wannan karon maganar ba ta dawo ba sai washegari, kuma da ta dawo tana jan ƙafa. Iorfa ya zauna a bakin gadon asibiti ya ce masa, "Dabo, ni ba likita ba. Amma jiya na ɗauke ka kamar buhu. Abeg, ka je su cire wannan abu. In baki ya tafi, ni zan zo in yi maka surutu, ka huta."

Hamma ya ce, a hankali, kalma bayan kalma, "A kira Masar."

'Yan kara suka yi karo-karo, dangin Usaina suka cika. Kafin ranar tafiya ya yi wani abin da ya ba mutane mamaki. Ya bi duk wanda ya taɓa hulɗa da shi. Ya je Adogi ya yini da baffanmu suna Fulatanci. Ya nemi yafiyar mahautan da ya taɓa yi wa kaifin baki. Ya zauna da ƙananan dillalai ya gaya musu wane makiyayi ne ba a yi wa gaggawa, wane ne in ya ce a'a yana nufin a ƙara lallashi. Ya kira 'ya'yansa maza ya ba su labarin kakanninsu tun daga inda aka taso. Kamar mai kwashe kaya daga ɗakin da ruwa zai ci, haka ya riƙa fitar da maganar da ke cikinsa yana ajiye ta a wurin mutane.

Mutum ɗaya ce bai kira ba, 'yarsa ta fari. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Bafillace ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Tun da aka haife ta "ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan", in zai aike ta kuma ta bakin uwarta yake bi. Lokacin tana aji biyar na sakandare, a makarantar da nake koyarwa, yarinya mai shiru, ta saba da hakan kamar yadda ni ma na ga an yi wa Hamma.

Da safen da za mu tafi, mota tana ƙofar gida, mutane sun cika zaure ana addu'a. Ita tana can bakin murhu tana kwashe toka. Hamma ya riga ya sa ƙafa a waje, sai ya juyo, ya ratsa mata, ya tsaya a tsakar gida.

"Fatimatuzzahra," ya ce.

Wata gwaggonmu ta rufe baki da mayafi. Yarinyar ta ɗago, ba ta amsa ba, don ba ta san da ita ake ba, muryar ba ta taɓa ɗaukar sunan ba.

"Fatimatuzzahra," ya sake cewa, a cike, bai gutsure ko harafi ba. "Ni na zaɓa miki shi. Ki riƙe karatunki."

Ya juya ya shiga mota.

An yi aikin, an cire ƙullin duka. Tun daga lokacin bai ƙara faɗuwa ba, hannun ma ya dawo. Yana jin duk abin da aka faɗa, da kowane yare. Yana sallah da karatunsa daidai, yana gaisuwa, yana iya cewa "to" da "a'a" da "Allah ya kyauta". Abin da wuƙar ta tafi da shi sunaye ne. Zai dubi saniya, ya san ta, ya san shekarunta da cutar da ke jikinta, amma kalmar ba za ta zo ba, sai ya ce "wannan, wannan abin". Likitoci sun ce wasu za su dawo da koyo, kuma wasu sun dawo: ruwa, gida, babur. Sunayen mutane ne suka fi ƙi. Ni "Malama" ta dawo masa, ina jin don ya daɗe yana tsokanata da ita.

Dillanci ya ƙare. Zama kuwa har yau bai koya ba. Yana zuwa kara ya zagaya, ya shafa bayan dabba, ya girgiza kai ko ya gyaɗa, masu saye kuma suna kallon kan nasa kafin su taya. Iorfa yana cika alkawari, duk ranar kasuwa yana zuwa ya yi masa surutu. Ina tuna likitar nan wani lokaci, in rasa ko godiya zan yi mata. Da ba a ba ta goron ba, da an yi aikin tun farko da ƙwarin gwiwa, wataƙila a yanka fiye da haka. Da an yi hakan kuma, da bai san yana da abin da zai kwashe ba.

Bayan sallar layya ta shekarar da aka yi aikin, baƙi daga Adogi suka zo duba shi, ina nan. Fatimatuzzahra ta kawo musu ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta juya za ta tafi. Na ga Hamma ya ɗaga yatsa. Leɓɓansa suka haɗu suka rabu, jijiyar wuyansa ta tashi, ya dafa kunnen hagu. Ya daɗe a haka. Daga ƙarshe ya ce, "Ke."

Wani dattijo cikin baƙin ya yi murmushi ya ce, "Ka ga Bafillacen asali. Ciwo bai cire masa kunyar 'yar fari ba." Sauran suka gyaɗa kai suna yaba masa. Na so in ce sunanta yake nema, na ga ba nawa ba ne.

Ita ta riga ta kai bakin ƙofa. Ta dawo, ta durƙusa a gabansa, ta dubi fuskarsa, abin da ba ta saba yi ba.

"Na'am, Baba," ta ce. "Na ji."